Ƙurajen Zazzaɓi Da Yankewar Magani A Amarawa

Garin Amarawa yana bisa babbar hanyar motar da ta tashi daga Sakkwato, ta ratsa Kware da Gwadabawa, ta nufi Illela. Daga Illela kuwa tafiya kaɗan ce mutum ya tsallaka iyaka ya sami kansa a Birnin Ƙwanni ta Jamhuriyar Nijar. Tun kaka da kakanni mutanen wannan yanki kasuwa biyu suke ci, abin da ya yanke a wannan gefe sai a nemo shi a wancan, ko hatsi ne, ko dabba, ko tufa, ko magani. Amma cikin shekara biyar kacal an datse wannan iyaka har sau biyu. Na farko a watan Agusta na 2019, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, ba a kuma sake buɗe ta Illela ba sai ran 16 ga Disamba, 2020. Na biyu ya biyo bayan juyin mulkin da soja suka yi a Yamai ran 26 ga Yuli, 2023, wanda ya sa Ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi. Wannan karon hanya ba ta buɗe ba sai cikin watan Maris na 2024.

Rufewar ta biyu ta faɗo daidai lokacin da kasuwar magani ke cikin wani mawuyacin hali. A watan Yuni na 2023 aka bar Naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar Amurka wadda hukuma ke sayarwa kimanin Naira 460 ta haura Naira 1,500 kafin ƙarshen Fabrairu na 2024, alhali kuwa a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na magungunan da ake sha a Nijeriya daga waje ake shigo da su. A watan Agusta na 2023 kamfanin GlaxoSmithKline ya ba da sanarwar zai naɗe tabarmarsa bayan ya shafe fiye da shekara 50 a ƙasar nan, ya bar sayar da kayansa a hannun dillalai. A Kano, inda masu kemis da yawa na Arewa ke saro kaya, hukumomi sun rufe shagunan magani fiye da dubu a Sabon Gari cikin Fabrairu na 2024, don tilasta wa 'yan kasuwa komawa sabuwar cibiyar sari ta Ɗangwauro. A ɗaya gefen iyakar kuma kayan Nijar, har da magunguna, sun maƙale a tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Ƙaramin mai kanti na bakin iyaka sai ya wayi gari hanyoyinsa biyu duk sun ƙuntata a lokaci guda.

An yi ta rubuce-rubuce a wancan lokaci game da tsadar maganin ciwon sukari da na hawan jini da na asma, kuma hakan daidai ne, gama waɗannan cututtuka ne masu kisa in aka rasa maganinsu. Abin da ba a kula da shi ba shi ne halin masu ƙananan cututtuka, watau irin waɗanda mutum ba ya kashe kuɗin mota ya tafi asibiti dominsu, sai dai ya tsaya a kantin magani na bakin hanya, ya nuna wa mai kemis, ya ce a ba shi wani abu. Daga cikinsu akwai ƙurajen nan masu ruwa da kan feso a gefen leɓe bayan mutum ya tashi daga zazzaɓi, ko masassara kamar yadda Sakkwatawa suka fi faɗi. Jama'a kan ce zazzaɓin ne ya fito, alamar sauƙi ce. Tsofaffi kuma kan haɗa su da abin da ake kira fitsarin gizo. Wani zai ce wannan ai ba ta kai a ɓata tawada a kanta ba. Ta kai, domin da ita ake iya gani sarai abin da kan faru a bakin kanta ranar da maganin da ya dace ya ƙare.

Abin da ke kawo ƙurajen wata ƙwayar cuta ce ta jinsin bairos, wadda likitoci ke kira hapis. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 3,800 'yan ƙasa da shekara 50, watau kashi 64 cikin 100 na masu waɗannan shekaru a duniya, suna ɗauke da ita. A Afirka akasari tun ana yara ake kamuwa, ta hanyar miyau da haɗa baki. In ta shiga jiki ba ta fita. Takan bi jijiyar fuska ta tafi ta kwanta a wani kullin jijiya can cikin kai, ta yi lamo wata da watanni, wani lokaci ma shekaru. Ranar da jiki ya raunana, ko saboda zazzaɓin cizon sauro, ko mura, ko zafin rana, ko busasshiyar iskar hunturu mai tsattsage leɓe, ko gajiya da rashin barci irin na ɗalibi mai shirin jarrabawa, ko lokacin al'ada ga mata, sai ta farka ta biyo jijiyar ta dawo leɓe. Da fari mutum zai ji wurin yana ƙaiƙayi ko tsikara, bayan yini guda ƙurajen su fito, su fashe, su yi ɓawo. Ga mai cikakkiyar lafiya sukan warke da kansu cikin kwana 7 zuwa 10, yawanci ba tare da tabo ba, ko an sa magani ko ba a sa ba.

Maganin da aka tabbatar yana taɓa wannan ƙwaya shi ne asaikilobir, wanda mutane da yawa suka fi sani da sunansa na kasuwa, Zovirax. An ƙirƙiro shi a 1974 a ɗakunan binciken kamfanin Burroughs Wellcome, ya shiga kasuwa a farkon shekarun 1980, kuma Gertrude Elion, ɗaya daga cikin masanan da suka yi aikinsa, ta sami lambar yabo ta Nobel a 1988. Wa'adin mallakarsa ya daɗe da ƙarewa, kamfanonin Indiya da na wasu ƙasashe suna yinsa da araha, yana kuma cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Akwai na shafawa, akwai ƙwaya, akwai na allurar jijiya. Na shafawar shi ne wanda a ƙasashe irin su Ingila ake saye ba tare da takardar likita ba. Ana shafa shi sau biyar a yini har kwana huɗu ko biyar, kuma sai an fara tun lokacin ƙaiƙayi, kafin ƙurajen su fito, zai yi wani amfani. Ko an kiyaye haka, abin da bincike ya nuna shi ne yakan rage wa ciwon kimanin rabin yini zuwa yini guda. Ba ya kashe ƙwayar da ke kwance cikin jijiya, ba ya kuma hana ta dawowa.

Lalle ne a riƙe wannan magana da kyau, domin a kanta sauran bayanin ya dogara. Baligi mai lafiya da ya je kemis a Amarawa aka ce masa man shafawar ya ƙare, abin da ya yi hasara yini guda ne na jin zugi. Haɗarin yana cikin abin da za a miƙo masa a madadin.

Mai kemis na ƙauye ɗan kasuwa ne mai ƙaramin jari. Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Nijeriya ce ke ba shi lasin sayar da wasu magunguna na yau da kullum, ba malamin harhaɗa magani ba ne, amma a wurare da yawa shi ne mutum na farko, sau da yawa ma na ƙarshe, da majiyyaci kan gani. A lokacin da farashi ke tashi mako-mako, hankali ya nuna masa ya zuba ɗan jarinsa a kan abin da ke saurin fita, kamar farasitamol da maganin zazzaɓin cizon sauro da na tari. Magani irin asaikilobir, wanda ba kullum ake tambayarsa ba, yana cikin na farko da zai daina sarowa. To, ga mai ciwo ya zo da kuɗinsa a hannu, leɓe a kumbure, ga shi kuma a al'adar kasuwa ba a son ciniki ya juya. Hausawa sun ce da babu gara ba daɗi, mai saye da mai sayarwa duk sun yarda da wannan karin magana. Sai a ɗauko man shafawar nan mai haɗi uku da ake sayarwa don ƙaiƙayi da kyasbi, wanda mata da yawa ke amfani da shi don hasken fata. Ko kuma a ba da kafso na ampisilin ko tetarasaikilin a ce a buɗe a barbaɗa garin a kan ciwon. Wanda bai je kemis ba kuwa a gida zai shafa man goge haƙori, ko turare, wani ma har kananzir.

Man nan mai haɗi uku yana ɗauke da wani sinadari mai ƙarfi da ake kira sitiroyid, aikinsa shi ne kwantar da kumburi ta hanyar danne garkuwar jiki a wurin da aka shafa. Ja da kumburi sukan lafa, mai ciwo ya yi murna ya yaba wa mai kemis, alhali kuwa an ɗaure hannun mai gadi ne aka bar ɓarawo, ƙwayar tana iya bazuwa ta ci wuri mai faɗi. Kafso kuma an yi shi ne don bakteriya, ba ya yi wa bairos komai, sai dai ya ƙara koya wa ƙwayoyin cuta jure wa magani, ta yadda ranar da ake bukatarsa da gaske zai ƙi ci. Turare da kananzir ƙona fata suke yi, su bar tabon da ciwon shi kaɗai ba zai bari ba. Mafi muni shi ne in ƙwayar ta taɓa ido. Ido yakan yi ja, yana hawaye, yana gudun haske, in aka ɗiga masa maganin ido mai sitiroyid ba tare da likita ya duba ba gyambon da ke kan baƙin idon yakan zurfafa. Wannan ƙwaya tana cikin manyan cututtukan da ke lalata baƙin ido a duniya. Man asaikilobir na fata ma ba a sa shi a ido, na ido daban yake.

Akwai waɗanda wannan ciwo ba ƙarami ba ne gare su ko kusa, kuma na farkonsu shi ne jariri. Daga ranar haihuwa har ranar suna gida cike yake da masu barka, jariri yana yawo daga hannu zuwa hannu, wannan ta rungume, waccan ta sumbace shi. In a cikinsu akwai mai ƙurji a leɓe, ƙwayar tana iya shiga jikin da bai riga ya yi garkuwa ba, ta kai hanta da huhu da ƙwaƙwalwa. Jaririn da bai wuce mako shida ba in ya kamu yakan yi zazzaɓi, ya ƙi nono, jikinsa ya saki, wani lokaci ba a ma ganin ƙurji ko ɗaya a fatarsa. Wannan ba aikin kemis ba ne, ba kuma na ƙaramin asibiti ba; sai allurar asaikilobir ta jijiya har mako biyu ko uku, kuma kowace sa'a ta jinkiri tana da nauyi. Tsakanin Illela da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato akwai tafiyar fiye da kilomita 80. Uwar da aka sallama daga kanti da ɗan maganin zazzaɓi na ruwa ba za ta kama wannan hanya ba sai bayan kwana biyu, in an yi sa'a.

Na biyu su ne ƙananan yara masu kamuwa karo na farko. Su ba leɓe kaɗai takan tsaya musu ba, baki duka yakan cika da gyambuna, dasashi ya kumbura, miyau yana dalala, yaro ya ƙi ci ya ƙi sha, ruwan jikinsa ya ƙare cikin zafin bazara. A nan akwai abin da ya shafi Jihar Sakkwato fiye da yawancin jihohi. Yaron da tamowa ta kama, ko wanda ya tashi daga ƙyanda, in dasashinsa ya yi gyambo, bakinsa yana wari, kumatu ya fara kumbura, mai yiwuwa ne ba ƙurajen zazzaɓi ba ne, farkon cutar nan ce mai cin fuska wadda likitoci ke kira noma. Saboda ita aka kafa asibiti na musamman a birnin Sakkwato a 1999, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su. In ba a yi magani ba takan kashe kusan tara cikin goma na yaran da ta kama, in kuwa an gano ta da wuri maganin bakteriya da abinci mai gina jiki sukan tsayar da ita. Abin takaici ke nan: kafson da ake ɓarnatarwa a kan leɓen baligi shi ne danginsa ke ceton wannan yaro, amma sai an sami wanda ya iya bambanta ciwon biyu. Bayan yara akwai masu cutar ƙanjamau, da masu shan maganin ciwon daji, da masu tsohon ciwon fata mai ƙaiƙayi wanda ƙwayar kan bi ta mamaye, da duk wanda ƙurajensa suka wuce mako biyu ba su warke ba, ko suke dawo masa sau shida ko fiye a shekara.

Sabili da haka masu zuwa bakin kanta iri biyu ne, kuma aikin farko da ke gaban Ma'aikatar Lafiya ta Jiha shi ne ta koya wa mai kemis rarrabe su. Mafi yawansu abin da suke bukata yana nan cikin kantinsa ko an rufe iyaka ko an buɗe: basilin ko man kaɗanya mai tsabta don kada ɓawon ya tsage, farasitamol don zugi, sabulun wanke hannu, da gargaɗi cewa kada a ɓamɓare, kada a taɓa ido, kada a haɗa moɗa ko cokali ko tawul da kowa, kada a tauna wa yaro abinci, kada a kusanci fuskar jariri sai ciwon ya bushe. Mai kemis zai sayar da waɗannan ya ci halaliyarsa, cinikinsa bai juya ba. Sauran kuwa, watau jariri, da mai jan ido, da yaron da ya ƙi shan ruwa ko bakinsa ke wari, da mai raunin garkuwa, maganinsu a kanti shi ne a ce musu su tafi asibiti yau. Wannan darasi bai fi shafi guda ba. Ana iya buga shi da boko da ajami, a raba ta hannun ƙungiyar masu kemis, wadda ke da rassa har ƙananan hukumomi, a kuma karanta shi a Rediyon Rima. Ya kamata hukumar da ke sabunta lasin ta mai da sanin wannan shafi sharaɗi, domin kama mai kemis da rufe masa shago ba tare da an koya masa abin da zai faɗa ba yakan tura jama'a ne wurin mai tallar magani a tire, wanda ba shi da lasin da za a ƙwace.

Amma tura mutum asibiti ba shi da fa'ida in can ma za a ce masa babu. A lardin Ontariyo na ƙasar Kanada, ran 1 ga Janairu, 2023, aka ba malaman harhaɗa magani ikon rubuta magani ga ƙananan cututtuka 13, har da ƙurajen leɓe, don a rage cunkoso wurin likitoci. Amarawa ba Ontariyo ba ce, masu digirin harhaɗa magani kusan duk a birane suke. Sai dai Nijeriya tana da nata tsarin tun 2014, wanda ya yarda a sauke wasu ayyukan likita a kan ma'aikatan lafiya na karkara, kuma waɗannan ma'aikata suna da littafin ƙa'idojin aiki da suke bi. Abin da ya rage shi ne a tabbatar ƙwayar asaikilobir tana cikin kabad ɗin babban asibitin kowace mazaɓa, allurarsa kuma tana Babban Asibitin Illela, don a yi wa jariri ta farko kafin a ɗora shi a mota. Ƙwayar ta fi man shafawa cancantar a kashe mata kuɗin hukuma. Ta fi shi aiki, ta fi shi jure zafi, kuma ita ce dai ake ba babban da ƙarambau ta kama da mai ƙurajen nan masu raɗaɗi da kan zagaye gefe guda na ƙirji ko fuska. Magani guda ne, cuta uku ko huɗu.

Batun kuɗi ba sabo ba ne. Tun 1987, sa'ad da ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako, aka amince da tsarin asusun magani mai juyawa, watau a ba asibiti jari, ya sayar da magani da ɗan riba kaɗan, ya sake sarowa. Marigayi Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya yi ƙoƙarin dasa shi a ƙananan hukumomi zamanin da yake Ministan Lafiya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, ta ce kashi 20 cikin 100 na wannan asusu na magunguna ne da alluran rigakafi da kayan aiki. Jihar Sakkwato tana da hukumarta ta saye da rarraba magunguna. Watau akwai doka, akwai asusu, akwai ofis. Abin da ke cinye asusu mai juyawa sananne ne ga duk akawun da ya taɓa riƙe littafinsa: in aka sayar bisa farashin da aka saro wata shida da suka wuce, alhali Naira ta faɗi, kuɗin kwali goma ba zai sayo biyar ba, uwar kuɗi ta narke ba tare da kowa ya saci kwabo ba. Dole a riƙa sa farashi bisa abin da za a biya a sari na gaba, a kuma keɓe wani kaso don marasa hali.

Akwai wani lahani kuma da ke ɓoye cikin takardun ofis, wanda ya kamata ma'aikatan sito da masu tsara kasafi su duba. Galibi ana ƙiyasta odar gaba ne daga abin da aka bayar a baya. Maganin da ya ƙare tun watan jiya, a takarda zai nuna ba a ba da ko ƙwaya ɗaya ba, wanda ke zaune a Sakkwato sai ya ɗauka ba a bukatarsa, ya soke shi daga oda. Ta haka magani kan ɓace daga yanki ɗungum, kowa kuma takardarsa daidai take. Gyaran ba ya bukatar kwangila. A ƙara layi guda a rajistar kowane asibiti inda malamin asibiti zai rubuta abin da aka nema ba a samu ba, da yawan kwanakin da kabad ya zauna wayam, a kuma sa wani ya riƙa karanta layin.

Duk inda magani ya yi ƙaranci jabu kan cike gurbin, bakin iyaka kuwa ya fi ko'ina saukin shigarsa. Ranar Lahadi, ranar kasuwar Illela, ba a rasa masu tallar magani cikin rana, ga shi zafin watan Afrilu a wannan yanki yakan wuce digiri 40, alhali yawancin man shafawa an rubuta a kwalinsu a ajiye su ƙasa da digiri 25 ko 30. Ko na gaskiya ne, in ya sha wannan rana ba a san abin da ya rage cikinsa ba. Mai saye ya duba lambar rajistar Hukumar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, ya kuma guji duk abin da aka ɓalle daga kwalinsa. A watan Yuni na 2024 Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu kan umarnin cire haraji daga kayan haɗa magani na tsawon shekara biyu, don a ƙarfafa masana'antun gida. Mataki ne mai kyau, amma amfaninsa ga mutumin Amarawa sai ranar da aka ga saukin a bakin kanta.

Game da iyakar kanta, darasin 2023 a fili yake. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin agaji sun yi ta roƙon a keɓe magani da abinci daga takunkumin, an daɗe ba a saurare su ba. Nijar ta fita daga ECOWAS a hukumance ran 29 ga Janairu, 2025, amma mutanen Ƙwanni da na Illela ba su daina auratayya da jinyar juna ba. Akwai Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar wadda aka kafa tun 1971, mai hedkwata a Yamai. Ta wannan kafa ya dace Gwamnatin Jihar Sakkwato ta nemi a rubuta yarjejeniya tun ana zaman lafiya, cewa komai saɓanin siyasa, motar magani mai takardu da motar majiyyaci za su wuce.

Ɗalibai ma suna da rabonsu cikin aikin. Waɗanda ke makarantun kwana su ne suka fi haɗa kofi da cokali da man leɓe, su ne kuma ciwon kan kama lokacin jarrabawa, su ruga su shafa abin da aboki ya miƙo. Waɗanda ke Kwalejin Koyon Aikin Lafiya ta Sultan Abdurrahman da ke Gwadabawa kuwa, gobe su ne za su zauna a kujerar malamin asibiti a Kalmalo da Araba da Gidan Hamma. Da malamansu, tare da na Tsangayar Harhaɗa Magunguna ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, za su tura su lokacin aikin gwaji su zagaya kantunan magani daga Gwadabawa zuwa Illela, su rubuta abin da ke akwai, da farashinsa, da abin da ake bayarwa in an nemi maganin ƙurajen leɓe, da ma'aikata ta sami alkaluman da za ta yi aiki da su ba tare da ta ɗauko ƙwararre daga waje ba.

Lokacin wannan ciwo sananne ne kamar lokacin shuka. Zazzaɓin cizon sauro yakan yi ƙamari daga Agusta zuwa Oktoba, hunturu ya karɓa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a cikin waɗannan watanni ne ƙurajen suka fi fitowa. Ma'aikatan da ke bi gida-gida da damina suna ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafin zazzaɓi suna shiga har cikin ɗakunan masu jego, ba zai ƙara musu nauyi ba in suka faɗi jimla biyu game da sumbatar jariri da warin bakin yaro. Odar ƙwayar asaikilobir da allurarsa kuwa, in ana so su isa Illela kafin zazzaɓi ya kankama, sai takardar ta bar teburin Babban Sakatare kafin ƙarshen watan Yuni.